Baba Ya Bar Mini Shawarar Aikin Fitsarinsa

"Likita, mi kac ce? Wuta za ku sa mani?"

Tambayar Babanmu ke nan jiya a asibiti a Sakkwato. Daga Lambara na ɗauko shi. Wata tsoka ce ƙarƙashin mafitsararsa ta kumbura, tana tare fitsari sai ɗigo. Shekara biyu yana gudun tiyata, har limancin unguwarmu ya ajiye saboda alwalarsa ba ta zama.

Likita ya ce, "Ba wuta ba ce, Baba. Siririn bututu za a zura ta hanyar fitsari, a ɗumama tsokar ta motse a hankali. Babu yanka."

Baba ya dube ni. "Kai da kay yi boko, gashi ne ko surace?"



Sai ya koma kan likita. "In an yi, alwalar Azahar tana kai ni La'asar?"

"Muna fata, amma sai mun gwada ku. Ba kowa aikin yake dacewa da shi ba."

A hanyar komawa gida, bayan mun wuce Boɗinga, Baba ya ce duk abin da na yanke shi ke nan. Ni da har yanzu ban gane aikin ba.

Jama'a, wanda aka yi wa mahaifinsa irin wannan, don Allah ya gaya mini yadda suka ƙare.