Na Raka Saudatu Neman Aiki Abuja

Zariya zuwa Zuba

Mun bar gida a Tudun Wadan Zariya ana sallame sallar asuba, ni da 'yata Saudatu. Tana rungume da jakar kwamfuta, ni ina riƙe da ledar dafaffen ƙwai da mahaifiyarta ta ɗaura mana. Mahaifiyar ba ta rako mu zaure ba. Tun bara ta daina raka matafiyi.

Bara wasu mutane suka kira babban ɗana, yayan Saudatu, suka ce ya samu aiki a wata ma'aikata a Abuja. Ya ba su abin da suka nema, ya je ya tarar babu ofishin, babu mutanen. A hanyar dawowa motarsu ta kife kusa da Kateri. Allah ya ji ƙansa. Ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda muka tarar iyayenmu suna yi. Babba nake ce masa. Kwamfutar nan tasa ce, a kanta ya koya wa ƙanwarsa tsara shafukan waya: inda rubutu zai zauna, inda mutum zai danna, da abin da zai fito masa in ya danna.

Da saƙo ya zo wa Saudatu cewa wata hukumar gwamnati tana ɗaukar masu irin wannan aiki, ta zo gwaji, na ce ba za ta ba. Ba ta yi mini musu ba, ta dai daina buɗe kwamfutar. Wannan ya fi mini musu ciwo. Daga baya na ce ta shirya, amma ƙafata ƙafarta.

A Kwangila muka samu ƙaramar bas. Direban ya tambayi abin da zai kai mu Abuja, na ce ziyara. Mun wuce Kaduna da hantsi, muka sha shingaye, a kowanne sai an leƙo an tambayi abin da ke cikin jaka. Da muka doshi Kateri na roƙi direba ya rage waƙar da ya sa. Ya rage bai tambayi dalili ba. Na rufe ido har sai da na ji Saudatu ta saki hannun rigata.

Bayan azahar muka sauka Zuba. Ƙamshin abarba da lemo ya cika tasha, 'yan kamasho suna jan kayan mutane ta kowane ɓangare. Wani ya kai hannu kan jakar, na doke hannun. Ya ce, "Oga, ai taimako ne." Na ce mun gode.

Garki

Mun sauka gidan Malam Garba, abokina tun firamare, wanda ya yi masinja a wata ma'aikata har ya yi ritaya. Matarsa ta kawo mana tuwon shinkafa da miyar taushe. Muna ci ya tambaye ni wane babban mutum ne ya tsaya wa yarinya. Na ce babu. Ya ajiye lomar da ya ɗauko.

Ya ce, "To ɗayan biyu ne. Ko 'yan damfara ne, ko an riga an raba guraben tun a gidajen manya, ku an kira ku ne ku cika ɗaki."

Matarsa ta ce shi dai tun da ya bar aiki bai ƙara ganin alheri a Abuja ba. Ya ce ai yana aikin ma bai gani ba.

Da safe muka hau tasi zuwa ofishin. Gini ne sosai, da tuta da mai gadi, amma an sha gaya mini 'yan damfara kan ari ofis na wuni guda. Wadda ta tarbe mu sunanta Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, ita ce shugabar masu zanen. Na ja ta gefe na tambaye ta kai tsaye wa ake ba kuɗi, kuma yaushe. Ta ce ba a ba kowa, in wani ya nema in kawo mata shi. Ta yi mini bayani cewa kaɗan suke ɗauka, kowane sabo su haɗa shi da wanda ya goge, ya yi watanni yana koyo a gefensa, sannan a juya shi wani rukuni ya ga wani aikin. Na saurara. Waɗanda suka kira Babba ma sun iya bayani.

Abu biyu suka ƙara mini zargi. Saudatu ta miƙa takardun makaranta, Madam ta ce ta riƙe tukuna, hannunta suke son gani. Sannan aka ce masu gwaji su ajiye kwamfutocinsu a kabad, su shiga wata farar bas da babu rubutu a jikinta, za a je Kwali. Na karɓe jakar daga hannun Saudatu na rataya, na je na tsaya a bakin ƙofar motar. Na ce in ba ni a ciki, babu ita.

Madam ta yi dariya. Ta ce, "Baba, shiga, kujera yana nan. Amma doka ɗaya ne: idan an fara, ba ka magana."

Kwali

Hanya ta bi ta Gwagwalada. Ina ta duban allunan gefen titi ina haddace sunayen ƙauyuka, ko za a buƙata. Muka tsaya kusa da kasuwa, aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwaro, gefen masu sayar da tukwane.

A nan na gane gwajin. Hukumar tana gina shafin da iyali za su sanar da rasuwar wani nasu ta waya, su samu takardar shaida ba tare da zarya ba. Ga wanda bai iya karatu ba, wayar ce ke tambaya da murya, shi kuma ya amsa da baki. Kowane mai neman aiki zai zauna da mutum ɗaya cikin mutanen gari da suka yarda, ya ba shi waya, ya zuba ido. Ba zai nuna masa wurin dannawa ba, ba zai taya shi ba. Zai lura da inda mutum ya tsaya ne, ya nemo dalili.

Saudatu ta samu wata dattijuwa Bafulatana mai tallan nono, wadda mijinta ya rasu da damina. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi mata ta'aziyya, ta miƙa mata wayar. Tambayoyin farko suka wuce lafiya. Sai wayar ta ce a faɗi sunan mamacin. Dattijuwa ta kau da kai. Wayar ta maimaita. Dattijuwar ta gyara mayafi, ta dubi ƙwaryar nononta. Saudatu kuwa tana zaune tana kallonta.

Raina ya ɓaci. A ganina an ɗauko tsohuwa mai zafin rashi ana kallon kasawarta, kuma 'yata ake koya wa wannan rashin ta ido. Na tashi na karɓi wayar, na ce, Inna, nan za ki danna, sai ki faɗi suna.

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Malam, ai na ga wurin dannawa. Mijina ne."

Madam ta taso ta ce na karya doka, wannan zaman ya lalace. Na dubi Saudatu, na san na ɓata mata abin da ta zo nema. Amma ita ba kallon fushi take yi mini ba. Ta roƙi Madam izinin tambaya ɗaya, aka ba ta.

Ta ce, "Baba, da Yaya ne, za ka faɗa wa wayar nan?"

Wayar tana hannuna, ta sake cewa a faɗi sunan mamacin. Na buɗe baki. Sai na sunkuya na ajiye ta a kan tabarma.

Saudatu ta ɗauki farar takarda ta zana fuskar waya, ta sa tambaya kafin wancan wurin: ke za ki faɗi sunan, ko akwai wanda zai faɗa a madadinki? Ta karanta wa dattijuwar. Nan take dattijuwar ta juya ta kira wata mai tukwane da suka saba, matar ta matso ta faɗi sunan ba tare da wata wahala ba.

Madam ta daɗe tana duban takardar. Ta ce, "A wajenmu mace yana kiran sunan miji har da ihu. Ni ban san wannan ba. Shi ya sa ba mu zauna ofis."

Komawa

Washegari aka kira Saudatu aka ce tana cikin waɗanda aka ɗauka, koyo zai fara ranar Litinin. Malam Garba ya ce shi sai ya ga albashin farko da idonsa. Ni ma ban ce na yarda da su ba. Na koma ofishin na karɓi lambar Madam, na tambayi mai gadi sunansa da garinsu, na tsaya har na ga teburin da aka ba ta da matar da aka haɗa su. Ban ga abin da zan kama ba. Matar Malam Garba ta ce ɗakin 'yarta da ta yi aure yana nan. Saudatu ba ta roƙe ni ba, ta tsaya tana jira. Na ce ta zauna.

A tashar Zuba ta miƙo mini jakar. Ta ce ofis sun ba ta tasu, in mayar wa Umma wannan. Na ɗora ta a cinya tun daga nan. A Kateri ban rufe ido ba. Na ga wurin, gonar masara ce kawai a gefen titi, na yi masa addu'a muka wuce.

Ana kiran magariba na iso gida. Tun daga zaure na ɗaga murya na ce tana lafiya, an ɗauke ta, don kada mahaifiyarta ta gan ni ni kaɗai da jakar kafin ta ji. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni, na gode wa Malam Garba da iyalinsa, da direban da ya rage waƙa.

Bayan mun yi salla ta ce in buɗe mata kwamfutar. Na buɗe, fuskarta ta kawo haske, sunansa ya fito a tsakiya kamar kullum. Muka karanta da ido, ni da ita, sannan ta sa hannu ta rufe.