Ranar da Na Tsallakar da Bulus Kogin Challawa

Jama'a, wannan abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba a majalisa na tsince shi ba, kuma Allah shi ne shaidata ban ƙara masa ko gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, ɓangaren gyaran injuna, ina zaune a Panshekara ni da iyalina.

Kamfanin namu yana da wani tsohon sito a Bompai, to wata rana aka tura mu kwashe tarkace, ina ɗaga wani tamfol sai ga mashin mai taya huɗu, irin wanda ake shiga jeji da shi, ba ƙananan nan na yara ba, ba kuma manyan da suke kamar tarakta ba, matsakaici ne, ja, ƙura ta binne shi, ɓeraye sun cinye wayoyinsa kaf. Aka ce na wani ɗan Indiya ne da ya koma ƙasarsu tuntuni. Ni kuwa ina ganinsa raina ya biya, na bi manaja da naci har ya sallama min shi a matsayin kayan bola.

Injin na iya da kaina, amma harkar wuta sai Bulus. Bulus mai gyaran lantarki ne a kamfaninmu, mutumin Filato, ya ɗan girme ni, mutum ne mai dariya, kai ko injin kamfani yana ƙara sai ka jiyo dariyarsa. Tare muke cin abinci, in Sallah ta zo naman gidana yana gidansa, in Kirsimeti ta zo matarsa Maman Rifkatu sai ta cika mana kwano da cincin. Shi ya zauna a ƙofar gidana yamma bayan yamma yana haɗa wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, har ranar da mashin ya tashi yara suka ɗau ihu. Amma fa ku ji, duk wahalar da ya sha, Bulus bai taɓa yarda ya hau ba. Cewa yake, "Injiniya, abin da shi ba mota ba shi ba babur ba, ni ba ruwana." Haka yake kirana, Injiniya, don tsokana. Ga shi kuma ran Lahadi nake fita, shi kuwa Lahadi yana coci.

Mashin ɗin nan ya shiga raina ƙwarai. Kowace Lahadi da hantsi sai in bar waya a gida saboda ruwa da yashi, in bi ta bayan kamfanonin Challawa inda warin jima yake bugun hanci, in gangara hanyar da tifofin yashi suke bi, in faɗa cikin fadama. Akwai wani makunni a hannun dama, in ka danna shi tayoyin huɗun duka sai su kama ja, to daga nan ba taɓo ba yashi ba tudu, ko'ina sai ya haye. Ni dai ban taɓa mallakar abin da ya sa ni jin kaina kamarsa ba, gaskiya ke nan.

To ƙarshen wata damina na ɗauki hutu na tafi bikin ƙanina a Jigawa, na dawo ran Asabar a gajiye, ban nemi kowa ba. Washegari na fito da mashin kamar kullum. Na wuce katangar kamfani na ƙarshe ke nan, inda kwalta ta ƙare, sai na hango mutum tsaye a gindin wani darbejiya yana ɗaga min hannu. Ina matsowa na ga Bulus ne, da wata farar singileti da wando, ƙafarsa ko silifa babu.

Ya ce, "Injiniya! Yau dai sai ka ɗana ni."

Na ce, "Kai, Bulus! Cocin fa?"

Ya yi dariya ya ce, "Yau an ba ni hutu."

Wallahi murna ce ta rufe min ido, ban tsaya tambayar me ya kawo shi nan ba takalmi ba, na ce hau kawai. Da ya ɗora hannuwansa a kafaɗata na ji su zafi rau, har ta cikin riga, na duba na ga filasta a bayan hannunsa na hagu, na ce lafiya dai? Ya ce ɗan zazzaɓi ne, an yi masa allura, in ja mu tafi.

Muka tafi. Kai jama'a, ban taɓa ganin babban mutum ya yi farin ciki irin na ranar ba. Muka ratsa tsakanin gonakin dawa, ganye yana marin mu, muka faɗa kwari muka fito, taɓo yana fallatsa, Bulus sai ihu yake kamar yaro yana cewa ƙara wuta, ƙara wuta, wasu shanu suka watse, mai kiwonsu ya bi mu da harara, shi kuwa yana ta ba shi haƙuri yana dariya. Har yake ce min ƙasar nan ta tuna masa gida, lokacin da suna yara suke gangarowa daga kan dutse a kan buhu.

A haka muka iso bakin kogi. Ruwan bai gama janyewa ba, ja ne, yana tafiya da ɗan ƙarfi, amma akwai wani mashigi da na sani, na sha tsallaka shi. Can gefe masu haƙar yashi suna loda tifa. Na tsaya na bar injin yana aiki.

Ya ce, "Injiniya, ruwan nan da ƙarfi fa. Mu koma."

Na ce, "Haba, wannan ɗin? Ko gwiwa ba zai kai ba."

Ya ce, "Maman Rifkatu tana jirana. Ban gaya mata na fito ba."

To nan ne fa. Ni so nake in nuna masa abin da mashin ɗin nan zai iya, mutum ya sha wahalar gyara abu bai taɓa ganin ƙarfinsa ba, ga shi yau Allah ya kawo shi. Na ce, "Bulus, kai ka haɗa wayoyin nan da hannunka, aikin naka ne ba ka yarda da shi ba? Yanzu za mu je mu dawo."

Ya sake cewa, a hankali, "Mu dai koma."

Na danna makunnin nan, na ce riƙe ni gam. Sai na ji ya sauke numfashi a bayan wuyana ya ce, "To, mu je."

Muka shiga. Ruwa ya haura inda muke taka ƙafa, a tsakiya injin ya yi tari kamar zai mutu, Bulus ya damƙe kafaɗata har na ji zafi, na murɗa, tayoyi suka kama ƙasa, muka dinga turawa har muka fita. Muna hawa tudu na ji hannuwan nan da suke kamar garwashi sun yi sanyi ƙalau, har na ce masa ka gani ko, ruwa ya sauke maka zazzaɓin. Bai ko dube ni ba. Wani wuri yake kallo, can gindin wasu bishiyoyin mangwaro, inda na hango mutane zazzaune a inuwa, da ɗan nisa, rana kuma tana dukan idona ban ga fuskokinsu ba.

Ya ce, "Af! Ashe mutanenmu suna nan." Ya sauka.

Na ce in jira ka? Ya ce, "A'a, je ka abinka. Na gode, Injiniya. Mashin ya yi."

Ni na ɗauka 'yan garinsu ne masu aiki a lambunan tsallake, don akwai su. Ya nufe su yana tafiya a nutse, na yi masa hon don tsokana, bai waiwayo ba. Na juya na sake tsallakowa ni kaɗai, ina ta murmushi, ina tsara yadda gobe zan ba 'yan kamfani labarin Bulus matsoraci.

Ina isa gida na tarar da maiɗakina a zaure da wayata a hannu, idonta ja. Ta ce tun ɗazu ake kira, Bulus ya rasu. Na ce wane Bulus? Wallahi dariya na yi, na ce mata yanzun nan na rabu da shi. Ta dube ni kamar na zare, ta ce mutumin da yake kwance a asibiti tun kana Jigawa? Taifot ne ya kayar da shi, har ya fara samun sauƙi ana maganar sallama, yau da hantsi jiki ya rikice.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dubi ƙafafun wandona, har lokacin a jiƙe suke.

Da yamma muka je gaisuwa. Gidan cike, mata suna waƙoƙinsu na coci a hankali, Maman Rifkatu tana zaune a tabarma an riƙe ta. Tana ganina ta fashe da kuka ta ce, "Injiniya, da sunanka ya tafi a baki." Ta ce tana zaune kusa da gadon, idonsa a rufe, sai ya fara surutu yana dariya yana cewa ƙara wuta, har ta ji daɗi ta ce mafarki yake. Can sai fuskarsa ta canja, ya ce ruwan nan da ƙarfi, mu koma. Ya ce Maman Rifkatu tana jirana. Ta ce ta kama hannunsa tana cewa ga ni nan, ga ni nan, Baban Rifkatu, amma kamar wani yake saurare ba ita ba. Sai ya ce to, mu je. Ya damƙe hannunta da ƙarfi, sannan ya saki.

Jama'a, ni na san rabin maganar da ba ta ji ba. Ina durƙushe a gabanta, abin da na iya cewa kawai Allah ya ba da haƙuri.

Bayan an kai shi gida Filato an binne, na koma bakin kogin a ƙafa, don na fara zargin ƙwaƙwalwata. Na sami wani dattijo cikin masu haƙar yashi na ce, Baba, ran Lahadi kun ga wucewata? Ya ce, "Ƙwarai, mai jan mashin ba? Ku biyu kuka tsallaka, kai da wani mai farar singileti, ka dawo kai kaɗai." Na tambaye shi mutanen da suke zama gindin mangwaron can fa? Ya ce wane mutane, ai wajen fadama ce, ruwa ne kwance har yanzu, ko akuya ba ta zama.

Na je wajen limamin unguwarmu na zayyana masa komai. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "Malam, ajali ba a bayan mashin yake ba. Ba ka isa ka ƙara wa mutum numfashi ɗaya ba, ba ka isa ka rage ba. Abin da ka gani ka bar wa Allah saninsa." Na san gaskiya ya faɗa, na yi imani da hakan, ko yanzu aka tambaye ni haka zan ce. Amma zuciya fa ba ta jin karatu. Mutum ya roƙe ni mu koma, ya sake roƙo, ya ambaci matarsa, ni kuma ina ta tayoyi huɗu.

Da Maman Rifkatu ta dawo kwashe kayansu za ta koma gida gaba ɗaya, na ga in ta tafi ban faɗa ba abin zai kashe ni. Na tafi da maiɗakina, muka same ta tana ɗaure tukwane, na ce, Maman Rifkatu, akwai maganar da nake so ki ji. Na faɗa mata tun daga gindin darbejiya har gindin mangwaro, ban ɓoye abin da na ce masa ba. Ba ta yi kuka ba. Ta kalli igiyar da take hannunta, sannan ta ce, "Su wa ya gani a can?" Na ce ban ga fuskokinsu ba. Ta ce, "Ya ji tsoro?" Na ce a ruwa ya ji, da muka fita bai ji ba. Ta gyaɗa kai. Har mun miƙe za mu tafi sai na ji ta ce, ba ma da ni take ba, kamar da kanta take magana, "Da ka juyo min da shi." Nan take ta rufe baki da hannu ta ce in yafe mata, ba haka take nufi ba, Allah ne ya kira shi. Na ce ba komai. Amma wallahi kalmomin nan sun zauna, yau shekara da shekaru ba su tashi ba.

Mashin ɗin na ba wani mai gona a hanyar Madobi, yana jan taki da shi. Ban sake zuwa bakin kogin ba. Ban san me na ɗauka ranar ba, ban san ko da na juya wani abu zai canja ba, kuma na daina tambayar malamai don kowa amsa ɗaya yake ba ni. Abin da na sani, har gobe in ina kan babur wani ya dafa kafaɗata, sai na saurari hannun, da zafi ko da sanyi.

Shawarata gare ku, masu mashin da masu mota, kai har masu kwalekwale: in kun ɗauko mutum ya ce muku mu koma, kada ku tsaya yi masa bayanin ƙarfin injinku. Ku juya kawai. Ba ku san daga ina ya taho ba, ba ku kuma san wa yake riƙe da hannunsa a can ba.