Allura a cikin tagulla

A da, idan sanyi ya shigo Makka, duk ranar Juma'a da yamma filayen rairayi na bayan gari cike suke da dabbab mai ƙafa uku, wato babur ɗin nan mai ƙattin tayoyi da ake hawa don wasa. Kowanne yana da kafireta, kowace kafireta kuma tana shan ƙura, saboda haka mai irin hannuna ba ya rasa mai nemansa. Yanzu masu ƙafa huɗu ne suka cika wurin, sababbinsu ma ba su da kafireta. Na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu.

Na yi kanikanci a ƙasa uku kafin in zo nan. A Agadas da tsinken tsintsiya muke buɗe hudar mai. A Omdurman jiƙawa suke yi a fetur su tafi shan shayi. A Tarabulus kuwa wani tsoho da ya koyi aiki wurin Italiyawa ya taɓa buge mini hannu da ya ga na ɗauki siririyar wayar ƙarfe zan tura a hudar. Ya ce ƙwayar kafireta da mai ke bi ta cikinta tagulla ce, hudarta aunanniya ce, in ƙarfe ya shige ta sau ɗaya ta tashi daga aiki. Shekara arba'in ina riƙe da maganarsa.

Ni da matata ba mu da igama, wato takardar izinin zama. Ɗakin da muke zaune yana saman benen wani mutum a unguwar Kudai, haifaffen Makka, kakansa ne ya zo daga Kano a ƙasa. Mahaifinsa ya bar masa dabbab biyar da yake bayarwa haya. Ba mu taɓa yin maganar a fili ba, amma kowa ya sani: muddin injunan suna tashi, ɗakin namu ne.

Sai yanar ido ta fara rufe mini gani. Asibiti tun daga ƙofa takarda suke tambaya, don haka na ɓoye abin. Na koma aiki da yatsa da kunne, ina hura huda da baki in ji iska a tafin hannu.

Wata Alhamis da hantsi jan dabbab ɗin, wanda mahaifin maigidan ya fi so, ya ƙi tashi. Na kwance kafiretar a faranti, na wanke kowane ɓangare. Ƙaramar ƙwayar ta toshe da tsohon fetur da ya daskare kamar ƙaro. Na jiƙa, na hura har kaina ya sara, iska ba ta fita. Na ɗaga ta sama wajen rana, ban ga komai ba sai fari.

Matata tana gefe tana ɗinkin hula. Ta ce, "Malam, kawo in duba maka."

Na ce, "Tun yaushe kika zama bakanikiya?"

"Tun ranar da ka zuba gishiri a shayi."

Ban ba ta ba. Allurarta na karɓa. Na san abin da nake yi, amma gobe Juma'a ce kuma masu haya sun riga sun yi magana. Na lalubi hudar na tura. Ta buɗe da sauƙi, sauƙin da ya wuce kima.

Injin ya tashi, ya yi baƙin hayaƙi, ya mutu. Mai ya yi masa yawa, allurar ta faɗaɗa hudar. Irin wannan ƙwaya kuwa an daina sayar da ita, na sha zagaye wurin masu tsofaffin ƙarafa ban samu ba.

Maigidan ya sauko da la'asar. Hausarsa rabi Larabci ce. "Ya ammi, esh ya faru?" Wato baffa, me ya faru.

Na ce ƙwayar ce ta tsufa. Ya karɓa, ya juya ta, ya ga sabon karce yana ƙyalli. Ya miƙo mini. "Baba, akwai lamba a jikinta. Karanta mini in sa a nemo a Jidda."

Ni da nake karanta Larabci da Faransanci da boko, na tsaya riƙe da ita a gaban hancina, ban ga lambar ba. Na ce masa ya ba ni wa'adin wata guda, hannuna ya san aikin ko ido babu. Na ce matata za ta riƙa duba mini. Na roƙe shi da darajar mahaifinsa, wanda ni na yi wa gawarsa wanka. Bai ɗaga murya ba, sai cewa yake, "Ma'alesh, Baba, ma'alesh," wato in yi haƙuri.

Kafin azumi ya sayar da huɗu. Jan ya lulluɓe shi da tamfol a tsakar gida. Ɗakin ya bar mana har bayan aikin Hajji, sannan ya ce ɗan ƙanwarsa zai yi aure.

Muna unguwar Misfala yanzu, a gefen ɗakin 'yar'uwar matata, labule ne tsakaninmu. Kayan aikina suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Daga wannan Alhamis ɗin ban sake buɗe kafireta ba.