Malamin Gona Waliyyu da Kwalaben Feshi

Shekara talatin da huɗu Malam Waliyyu, mutumin Alelu, ya yi yana aikin malamin gona. Babu fadamar da bai taka ba daga Aliero har Liba. Shi ya koya wa manoman albasa auna maganin feshi da murfin kwalba, a zuba a tanki, a goya. Tsutsa ta ja baya, albasa ta yi kai, har buhu ake kai masa gida kyauta.

Saura shekara guda ya yi ritaya sai takarda ta zo: kowane ma'aikaci dole ya yi bitar kwana uku a kan muhalli, in ba haka ba a riƙe takardunsa. Ya tafi Jega ba don ransa ya so ba, ya zauna can baya yana murza gwiwarsa mai ciwo.

Mai koyarwar, Malama Raihanatu, sa'ar 'yarsa ce. Rana ta biyu ta ce ruwa mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne, kuma ma'aikacin da ya bari aka gurɓata shi ya ci haƙƙin jama'a. Ta nuna hoton wata rijiyar fadama, kwalaben magani yashe a bakinta, wata mata tana jan ruwa. Waliyyu bai san rijiyar ba, amma ya san irinta fiye da ɗari. Bai taɓa gaya wa kowa inda ake wanke tanki ba. Shi ma ba a gaya masa ba.

Da aka tashi ya tare ta.

"Malama, wanda ya riga ya koyar fa?"

"Sai ya koma ya gyara, Baba."

Ya koma kuwa. A Liba, tsohon abokinsa Maiwada ya saurare shi har ƙarshe yana gyaran shipka, sannan ya ɗago.

"Waliyyu, kai ka koya muna wanga aiki. Yanzu mi kaka so mu yi? Tsutsa ta je bita?"

Waliyyu ya ari fartanya, ya tona rami nesa da rijiya, ya ce a nan za a riƙa wanke tanki da binne kwalabe. Cikin manoman da ke wurin, mutum uku suka bi maganarsa, har da Maiwada. Sauran suka yi masa sannu da zuwa, suka ci gaba da harkarsu.

Sauran shekarar haka ya ƙare ta, fadama bayan fadama, magana ɗaya, har murya ta dishe. Ya ajiye aiki da faɗuwar damina. Har yau ba a turo kowa a madadinsa ba.