Zogalen Inna da Akuyar Malam Sale

Jama'a, yau ɗan zomo ya tona mini asiri!

Harawa ta ƙare, sai na koma tsinko zogalen Inna a ɓoye ina ba 'ya'yan zomayena. Da ta ga ganyen yana raguwa, na ce akuyar maƙwabcinmu Malam Sale ce. Allah ya yafe mini.

Ɗazu Inna ta kira shi tana faɗa. Ya ce, "Haba Inna, akuyata tana ɗaure tun da aka yi shuka."

Sai ga ɗan zomo ya suɓuce daga keji da reshen zogale a baki. Ya tsaya a gabana yana tauna!

Malam Sale ya ce, "To, ga akuyar. Kunnuwanta sun ƙara tsawo."

Na durƙusa na ba su haƙuri. Inna ta ce saura akuyar, in yanko mata ciyawa in je in roƙe ta.