Ranar da Aka Fito da Ni Tsakar Gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba, wasu har sun je shagon ɗinkina a Sabon Gari sun tarar da kwaɗo a ƙofa. Ina nan da raina, jinya na yi.

Wata safiya ina yanka atamfa almakashi ya suɓuce mini. Na buɗe baki in kira 'yata Rakiya, harshe ya ƙi juyawa.

A asibiti aka auna tansiyo, wato hawan jini, aka ɗebi jini, aka yi hoton kai. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kafin a sallame ni sai da maigidana ya sayar da babur ɗinsa saboda magani. Tsorona kullum shi ne in ƙare rayuwata ana ɗaga ni ana kwantarwa.

A gida aka kai ni ƙuryar ɗaki, aka saki labule don in huta. Ba wanda ya gaza mini. Rakiya ke yi mini wanka, tana juya ni kar bayana ya yi gyambo, tana kai ni asibiti motsa jiki. Amma masu zuwa dubiya ita suke tambaya ko na ci abinci, alhali ina kwance ina jin su.

Watanni ina haka, har abincin ya fita raina.

Sai yayata Habsu ta zo daga Jiratawa da buhun zogale. Tana leƙa ɗakin ta ce a fitar da ni gindin itacen bedi. Rakiya ta ce likita ya ce in huta.

Habsu ta ce, "Hutu ya ce, ɗiyata, bai ce a binne ta ba."

Ta ɗora mini faifai a cinya ta ce hannu guda ya isa tsinkar zogale, ita aiki ya yi mata yawa. Na yi kuka, kuma na tsinka.

Tun ranar a waje nake wuni. Maƙwabta suka riƙa zama muna hira, da haka bakina ya sake. Yanzu ina takawa da sanda.

Na gode wa Allah, na gode wa iyalina da ma'aikatan asibiti.

Ku riƙa auna tansiyo ko kuna jin lafiya. Mai majinyaci a gida kuma ya buɗe masa taga, ya ba shi ɗan aikin da zai iya. In kun je dubiya ku zauna, ku dubi idonsa, ku tambaye shi abin da yake so. Ko maganar ta yi masa nauyi, ku jira ya ƙarasa.