Tablon Isuhu da Rumfar Mata Masu Mai

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Isuhu makwancinsa a Magariya, kuma har yau ban daina ƙyashinsa ba. Allah ya jiƙansa, ni kuma ya yafe mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma tare muka riƙe wata 'yar siber, wato shagon kwamfuta, kusa da tasha, muna buga wa mutane takardu, in an samu mu gina shafin intanet. A nan muka raba hanya. Shi da tablo yake aiki: ya yanka shafi gida-gida kamar ramukan dara, ya cusa hoto nan, rubutu can, ko'ina a ƙulle. Ni kuwa na je Damagaram na koyo takardar salo, wadda 'yan sana'a ke cewa CSS. Da ita, rubutu yana gefe guda, tsari da ado suna gefe guda, ka gyara wuri ɗaya duk shafi ya gyaru. Na dawo ina hura hanci. Shi kuma in na fara wa'azina sai ya kira ni yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, ya ce, "To, mushe, ka gama? Wutar kuran za ta tafi."

Gaskiyar sana'a tana wajena, kowa ya sani yau. Amma da ƙungiyar matan garin Mallawa masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli ta nemi shafi don masu saye daga Najeriya su gan su, Isuhu suka kira. Ya hau babur ya wuni a kasuwarsu, ya dawo buɗu-buɗu, ya zuba mata goma sha biyu cikin tablo, layi uku, huɗu-huɗu, kowace da hotonta da lambar wayarta. Na duba aikin na ce, "Taubashi, wannan ai akurkin kaji ne." Dariya kawai ya yi. Daga ranar har ya rasu, har bayansa, sunan abin "shafin Isuhu". Ni da na yi shafuka fiye da nasa, babu ko ɗaya da ake kira da sunana. Abin yana cina, wallahi yana cina.

Bara sai ga dama ta faɗo. Yanzu kowa da waya yake duba shafi, tablon Isuhu kuwa ba ya shiga fuskar waya, sai ka yi ta jan sa hagu da dama. Shugabar matan, Inna Zulai, ta aiko in gyara. Na ce a raina, yau akurki zai rushe, a ƙasan shafi kuma a rubuta sunana, Habu. Na wargaza tablon kaf, na sa takardar salo ta jero matan ɗaya bisa ɗaya, su sauko sumul a waya. Ya yi kyau, ba yabon kai ba.

Kasuwa biyu aka ci, sai ga Inna Zulai a ƙofar siber, ko zama ba ta yi ba.

"Habu, ɗan nan, me na yi maka ka tashe ni daga gurbina?"

Na ce, "Inna, ai kina ciki. Ki ja ƙasa za ki ga kanki."

Ta ce, "Ƙasan wa? Ni a ƙuryar dama nake, gindin ginshiƙi, tun kafin a haife ka."

Sai a lokacin na gane abin da Isuhu ya je yi a Mallawa wuni guda. Tablon nan ba akurki ba ne, rumfarsu ce. Yadda suke zaune ranar kasuwa, haka ya zaunar da su a shafi. Yawancinsu ba sa karatun boko, amma kowace ta san gidanta da ido. Ɗan kasuwa a Kano sai ya ce wa direba, "layin baya, ta ƙurya," direba ya shiga rumfa ya je kanta tsaye. Ni da na tsayar da su a layi ɗaya, Inna Zulai ta faɗa can ƙarshe, masu saye suka riƙa kiran biyun farko su tsaya. Jarkokinta suka koma gida a amalanke sau biyu, mata kuma suka fara harare-harare a kan wa ya ɗora wance bisa wance.

Kwana uku na yi ina gyara. Ban koma wa tablo ba, wannan kam ko a mafarki. Da takardar salon tawa na sake gina rumfar, na ƙanƙance hotuna, layi uku huɗu-huɗu suka zauna daram a fuskar waya. Aiki ne da Isuhu bai iya ba, kuma da yana raye ba zai koya ba, don taurin kansa ya fi na jakin garin Bande. Nakan tambayi kaina me zai ce da ya gani. Na san ba zai ce na yi gaskiya ba. Cewa zai yi, "Mushe, duk karatun nan don ka dawo akurkina?"

Na kai wa Inna Zulai har rumfa. Ta karɓi wayar, ta ɗora yatsa a ƙuryar dama ba tare da ta nema ba, ta ɗaga murya: "Ku zo ku gani, an maido mana shafin Isuhu! Allah ya kai haske kabarinsa." Mata suka amsa da amin. Ni kuma aka ba ni ƙullin ƙuli-ƙuli.

An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a faɗi yadda mai sabuwa yake ji ba. Babu layi ɗaya na rubutun Isuhu da ya saura a shafin nan, duka na goge da hannuna. Abin da ya saura shi ne wunin da ya yi yana kallon inda kowace take zama, kuma shi ne na kasa gogewa. A ƙasan shafin akwai wurin suna. Na buga Habu, na zauna ina kallonsa har aka kira la'asar. Sannan na goge na mayar da nasa, don ko na bar nawa, ba mai karanta shi a rumfar.